Fleetwood Mac: rigimar cikin gida ce ta ɗaga su, ko gwanintar kiɗa?

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da wata tsohuwar waƙar Turanci mai suna "Dreams" a bidiyoyin TikTok. Da na bincika sai na ga ta wata ƙungiya ce, Fleetwood Mac, kuma tun 1977 aka yi ta. Abin da na fi gani a kansu shi ne labarin soyayya da rabuwa da shaye-shaye. Shin kiɗansu na da wani abin a zo a gani ne, ko tsegumin rayuwarsu ne ya hana a manta da su? Kuma wane irin kiɗa ne wannan da ake ce wa soft rock?

Amsa: Ƙanena, tsegumin da ka karanta gaskiya ne, kuma ya taimaka wajen sayar da faifai. Sai dai ƙungiyoyin mawaƙa da suka yi rigima da shaye-shaye a Amurka da Ingila a shekarun 1970 ba su ƙirguwa, kuma yawancinsu yau ko sunansu ba a tunawa. Yaran da ke ɗora "Dreams" a bidiyonsu ba su san wa ya rabu da wa ba, kunnensu ne kawai ya kama abu. Don haka a cikin sautin za mu nemi amsar, ko da yake sai mun ratsa ta cikin labarin, domin a wajen waɗannan mutane biyun a cakuɗe suke.

Bari in fara sallamar tambayarka ta ƙarshe, ita ce mai sauƙi. Kiɗan rock na asali kiɗa ne na jitar lantarki da ganguna da ɗaga murya. A farkon shekarun 1970 waɗanda suka taso da shi sun girma, sun yi aure, sun sayi mota, gidajen rediyon FM kuma suna neman abin da mutum zai ji yana tuƙi ko yana aiki ba tare da kansa ya yi ciwo ba. Sai aka samu wani salo da ya riƙe kayan kiɗan rock amma ya sassauta musu: aka rage kururuwar jita, aka kawo fiyano da jitar katako gaba, aka ba kari da haɗa murya muhimmanci, aka goge sautin tas a sutudiyo. Carpenters da Bread da Carole King da wani ɓangare na waƙoƙin Eagles duk a nan ake sa su. Masu sukar kiɗa na lokacin da yawa kallon raini suke wa salon, suna ganin na masu kuɗi ne da ba su da damuwa. A cikin wannan rukuni aka jefa Fleetwood Mac, kuma ba su shiga cikinsa ba sai da suka shekara takwas da kafuwa.

Wannan shi ne abin da sababbin masu sauraro ba su sani ba. Ƙungiyar ba a Kalifoniya aka haife ta ba, kuma ba da mata aka fara ta ba. A Landan aka kafa ta a 1967, kiɗan blus na baƙaƙen fatan Amurka suke yi zalla. Wanda ya kafa ta wani matashi ne gwanin jita, Peter Green, wanda ya gaji kujerar Eric Clapton a ƙungiyar John Mayall, sannan ya fita don ya kafa tasa. Shi ne tauraro, shi ke rubuta waƙa, shi ke rerawa, amma da aka zo raɗa suna sai ya ɗauki sunan mai ganga, Mick Fleetwood, ya haɗa da na mai jitar bes, John McVie. A wajenmu da sunan mawaƙi ake kiran tawaga, makaɗa da 'yan amshi suna bayansa, sau da yawa ko sunansu ba a sani ba sai in shi ya ambace su a waƙa. Green ya juya abin, ya sa na baya a gaba. Kuma haka tarihin ya tafi: mawaƙa da masu jita sun yi ta shiga suna fita fiye da shekara 50, waɗannan biyun na nan daram.

Zamanin Green gajere ne amma mai nauyi. "Albatross", kiɗa ne zalla babu murya, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a farkon 1969. "Black Magic Woman" da mutane da yawa ke ɗauka ta makaɗin jita Santana ce, Green ne ya rubuta ta a 1968, Santana ya sake yin ta a 1970. Daga nan abubuwa suka fara warwarewa. Green ya faɗa shan ƙwayar LSD, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ya fara ƙyamar kuɗi har yana so ƙungiyar ta rabar da abin da take samu, ya bar su a watan Mayun 1970. A 1971 suna rangadi a Los Angeles, ɗayan mai jitarsu, Jeremy Spencer, ya fita daga otal bai dawo ba, daga baya aka gano ya bi wata ƙungiyar addini. Na ukun, Danny Kirwan, an kore shi a 1972, ya ƙare da shan giya da rashin matsuguni na shekaru a Landan. A 1974 kuma manajansu ya tara wasu makaɗa daban ya tura su Amurka da sunan Fleetwood Mac, sai da aka je kotu. Da wata ƙungiyar ce, da tuni ta watse.

A cikin waɗannan shekaru na wahala ne mace ta farko ta shigo, Christine Perfect, wadda ta auri John McVie a 1968 ta koma Christine McVie, ta shiga ƙungiyar sosai a 1970. Wani Ba'amurke, Bob Welch, shi ma ya riƙe su daga 1971 zuwa ƙarshen 1974, kuma a zamaninsa ne suka tattara suka koma Kalifoniya. Welch ba ya samun yabon da ya kamata, domin yana cikin waɗanda suka fara karkata sautinsu daga blus zuwa waƙa mai laushi.

Yadda sauran biyun suka shigo kusan katari ne. Mick Fleetwood ya je duba wani sutudiyo mai suna Sound City a yankin Los Angeles, injiniyan wurin, Keith Olsen, ya kunna masa wata waƙa don ya ji ingancin ɗakin. Waƙar daga faifan wasu saurayi da budurwa ce, Lindsey Buckingham da Stevie Nicks, faifan da ya fito a 1973 bai yi kasuwa ba. A lokacin Nicks aikin kai abinci a gidan cin abinci da sharar gidaje take yi don su samu na haya. Da Welch ya tafi, Fleetwood ya tuna da wannan mai jitar ya neme shi. Buckingham ya ce ba ya zuwa sai da budurwarsa. Suka shiga a jajibirin sabuwar shekarar 1975. Faifan da suka fitar a watan Yulin 1975, mai ɗauke da sunan ƙungiyar kawai, sai da ya shekara ɗaya da 'yan watanni yana hawa a hankali, su kuma suna ta rangadi gari-gari, kafin ya kai matsayi na ɗaya a Amurka a watan Satumban 1976.

To a nan ne abin da ya bambanta su ya haɗu: marubuta waƙa uku a gida ɗaya, kowa da muryarsa da halinsa. Nicks mai murya mai ɗan kaushi da rawa, kalmominta cike da mafarki da iska da mayu. Buckingham mai zafin kai, wanda ba ya barin sauti ya wuce sai ya juya shi sau goma. Christine mai natsuwa, murya mai ɗumi, waƙarta kai tsaye take tafiya ba kwana-kwana. Idan ka kunna faifansu ba za ka gaji ba, domin kafin muryar ɗaya ta ishe ka an miƙa wa wata, kuma idan aka zo amshi su ukun za su haɗu, namiji ɗaya mata biyu, su ba da wani sauti da babu ɗayansu da ya iya samar da shi a faifansa na ƙashin kansa. Dukansu sun gwada, ana iya kwatantawa.

Sai Rumours, faifan da "Dreams" ke ciki. A farkon 1976 suka shiga sutudiyon Record Plant a Sausalito, kusa da San Faransisko, tare da injiniyoyi biyu, Ken Caillat da Richard Dashut. Auren John da Christine ya mutu, ba sa magana sai ta aiki. Buckingham da Nicks na tsakiyar rabuwa, su kuma magana suke yi amma ta faɗa. Auren Fleetwood da matarsa shi ma yana tangal-tangal. Ga hodar iblis da giya ba ƙaƙƙautawa. Kowa ya koma gefe yana rubuta wa ɗan'uwansa habaici, sannan ya kawo waƙar ɗaki a ce wanda aka yi wa habaicin shi zai kaɗa ko ya yi amshi. A "Go Your Own Way" Buckingham ya zargi Nicks da son zaman dadiro, ta nemi ya cire layin ya ƙi, kuma ta shekara da shekaru tana tsaye kusa da shi a dandamali yana rera shi. "You Make Loving Fun" Christine ta rubuta ta ne a kan sabon masoyinta, mai kula da fitilun ƙungiyar, ta ce wa John a kan karenta ta yi, John kuwa shi ya kaɗa bes ɗin waƙar, kuma ya kaɗa shi da kyau.

Wannan shi ne tsegumin. Yanzu ɗauki hedifon mu saurari waƙar da ta kawo ka.

"Dreams" kusan a kan kod biyu kacal take tafiya daga farko har ƙarshe, wato haɗin sautuka biyu da ake dannawa a fiyano, a je wannan a dawo wancan. Nicks ta rubuta ta cikin 'yan mintuna a wani ɗaki na sutudiyon da aka gina wa mawaƙi Sly Stone, da ƙaramin fiyanon lantarki. Christine da kanta ta faɗa daga baya cewa da ta fara jin ta, gani ta yi waƙa ce mai gundura. Abin da ya cece ta aikin mutum uku ne. Gangar da kake ji ba Fleetwood ne ya kaɗa ta tiryan-tiryan ba, wani ɗan yanki aka yanko daga tef inda hannunsa ya fi zama daidai, aka maimaita shi, shi ya sa take da wannan tafiya mai sa gyangyaɗi wadda ba ta sauri ba ta jinkiri. Bes ɗin John ba ya yawo, sauti ɗaya yake bugawa ya koma ɗayan, a manne da gangar ƙafa kamar hannu ɗaya ke yin su. Buckingham kuma, mutumin da aka rubuta waƙar don a gaya masa magana, shi ya zauna ya raba waɗannan kod biyu zuwa sassa daban-daban. Ka lura a baitin farko jitarsa ba ta kaɗawa kamar jita, kumbura take yi ta lafa, kamar ana buɗe mata ƙofa ana rufewa. Da an shiga amshi sai jitar katako ta shigo, muryoyi su ƙaru, ka ji kamar an canja waƙa alhali ƙasan bai motsa ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban na'urar haɗa sauti ya san cika waƙa da kaya shi ne mai sauƙi, barin fili a cikinta shi ne aiki. Kuma wannan fili ne ya sa ta dace da bidiyon waya bayan shekara 43: duk inda ka yanko daƙiƙa 20 daga cikinta, cikakken abu ne. Ita ce kaɗai waƙarsu da ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka.

"The Chain" kuma akasin haka ce, ba a zauna aka rubuta ta ba, ɗinka ta aka yi. Ƙarshenta daga wata waƙar Christine ce da aka ajiye. Jitar farko Buckingham ya ɗauko ta daga tsohon faifansa da Nicks. Kalmomin daga wata waƙar Nicks ce daban. Da reza aka riƙa yanka tef ana haɗawa, domin babu kwamfuta. Ita kaɗai ce a faifan da sunan su biyar ke kanta a matsayin marubuta. Wajen minti na uku komai zai yi tsit, sai bes ɗin John ya shigo shi kaɗai da wani ɗan kari mai nauyi, ganga ta biyo shi tana ƙara ƙarfi, jita ta fashe a kansu. Wannan yanki ne BBC ta ɗauka tun 1978 ta mai da shi taken shirinta na tseren motocin Formula One, har Turawan Ingila da yawa suka san karin kafin su san waƙar. Idan ka ji wannan wuri za ka gane cewa lakabin kiɗa mai laushi bai rufe su duka ba.

Haka gangar "Go Your Own Way". Buckingham ya nuna wa Fleetwood wani bugu da yake so, irin na wata waƙar Rolling Stones, Fleetwood ya kasa kama shi daidai, sai ya buga nasa fahimtar. Sakamakon shi ne wannan bugu na baitoci da ke sa mai sauraro ya rasa inda zai sa ƙafa, sai an kai amshi ya miƙe. Buckingham kansa da yatsu yake kaɗa jita, ba ya riƙe ɗan robar nan da yawancin masu jitar rock ke amfani da shi, babban yatsa na riƙe ƙasa sauran na wasa a sama. Ka saurari "Never Going Back Again", za ka rantse mutum biyu ne.

Aikin ya ci kusan shekara guda. Sun yi ta ɗora sauti a kan sauti har tef ɗin ya fara lalacewa, ganguna suka rasa kaifinsu, sai da aka nemo kwafin ajiya aka daidaita shi da na asali da kunne da hannu. Faifan ya fito ranar 4 ga Fabrairun 1977, ya yi mako 31 a matsayi na ɗaya a Amurka, ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1978, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 40 a duniya.

A ra'ayina wadda aka fi tauye wa haƙƙi a labarin nan ita ce Christine McVie. Hoton Nicks da mayafanta da dogayen takalma shi ke kan riguna, rigimarta da Buckingham ita ake yi wa fim da littafi. Amma ka je ka duba wa ya rubuta waƙoƙin da rediyo ya fi juyawa: "Over My Head", "Say You Love Me", "Don't Stop", "You Make Loving Fun", "Hold Me", "Little Lies", "Everywhere". Duk da hannunta. A faifan da ya tattara fitattun waƙoƙinsu a 1988, takwas nata ne, ita kaɗai ko da wani. 'Yar gidan kiɗa ce, mahaifinta mai goge ne na Turawa kuma malamin kiɗa, ta taso a kusa da Birmingham, ta yi kiɗan blus a ƙungiyar Chicken Shack kafin ta zo. Shi ya sa hannunta na hagu a fiyano yake tafiya da bes da ganga kamar ita ce ta ukunsu. Ita ce gadar da ta haɗa Turawan Ingila biyu na baya da Amurkawa biyu na gaba, a kiɗa da kuma a zama. "Songbird" ita kaɗai ce da fiyano, da ɗan jita a bayanta, a wani babban zaure na jami'ar Berkeley da babu kowa a ciki aka ɗauke ta, kuma shekara da shekaru da ita suka riƙa rufe wasa.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa hodar ce ta ba su basira. Lissafin a fili yake. Fleetwood ya tsiyace har ya bayyana karayar arziki a 1984, bayan duk waɗannan miliyoyi. Nicks ta shiga cibiyar Betty Ford a 1986 don ta rabu da hodar, hancinta ya riga ya huje daga ciki, sannan ta faɗa hannun wani maganin kwantar da hankali da likita ya rubuta mata, wanda ya ci mata kusan shekara takwas, kuma ita da bakinta ta ce su ne shekarun da ta yi asara. Waƙoƙin da suka fi kyau an yi su ne duk da wannan hali.

Abin da suka yi bayan Rumours shi ya sa nake girmama su fiye da takwarorinsu. Kamfaninsu na faifai, Warner, na jiran a sake haifo irinsa. A shekarar da Rumours ya fito kuwa kiɗan punk, wani rock mai kaushi da tawaye, ya ɓarke a Ingila, matasa na zagin irin su Fleetwood Mac a matsayin tsofaffin attajirai. Buckingham ya ji zafin abin, ya ƙi maimaita kansa. Ya riƙa ɗaukar wasu waƙoƙi a gidansa, yana buga kwalaye a madadin ganga, yana rera waƙa a durƙushe a banɗaki don ya sami wani sauti. Tusk ya fito a watan Oktoban 1979, faifai biyu a haɗe, waƙa 20, an kashe masa fiye da dala miliyan ɗaya, kuɗin da ba a saba jin irinsa ba a lokacin. Waƙar da ke ɗauke da sunan faifan da 'yan badujalar Jami'ar Kudancin Kalifoniya aka yi ta, a filin wasa na Dodger. An sayar da kusan miliyan huɗu, abin da ga wani nasara ce babba, amma a gefen Rumours aka kira shi faɗuwa, aka ɗora wa Buckingham laifi. Yau matasan makaɗa da yawa Tusk suka fi ɗauka da daraja. Ni dai ina ganin ya yi tsawo, akwai waƙoƙi huɗu ko biyar da za a cire ba a yi asara ba, amma "Sara" da "Storms" suna cikin mafi kyawun abin da Nicks ta rubuta.

Wani ɗan abin da zai ba ka sha'awa: a farkon 1981 Mick Fleetwood ya tattara kayan ɗaukar sauti ya tafi Gana, ya yi faifansa na kansa mai suna The Visitor a Akra tare da makaɗan ƙasar. Faifan bai yi kasuwa ba, amma ya nuna inda zuciyar mai gangar take, shekaru biyar kafin Paul Simon ya fitar da nasa aikin da mawaƙan Afirka ta Kudu.

Sauran tarihin shiga da fita ne. Mirage a 1982, lafiyayye amma ba ya tsayawa a rai. Tango in the Night a 1987, cike da na'urorin zamanin, shi ne na biyu a kasuwa bayan Rumours, kuma da ƙyar Buckingham ya haɗa shi a sutudiyon gidansa, sannan ya fice kafin a fara rangadi. Bill Clinton ya ɗauki "Don't Stop" ya yi yaƙin neman zaɓe da ita a 1992, ya kuma sa su biyar suka haɗu suka yi wasa a bikin rantsar da shi a Janairun 1993. Haɗuwar gaske ta zo a 1997 da wasan da aka ɗauka aka kira The Dance. Idan kana son ganin inda tsegumi da gwaninta suka zama abu ɗaya, nemi "Silver Springs" ta wannan dare. Waƙar Nicks ce da aka cire daga Rumours saboda faifan roba ba ya ɗaukar tsawon, abin da ya ƙona mata rai shekara 20. A ƙarshen waƙar ta juya ta fuskanci Buckingham tana rera masa cewa muryarta ba za ta bar shi ba, shi kuma yana kallonta yana kaɗawa bai kuskure ko ɗaya ba. An shigar da su zauren girmamawa na Rock and Roll a 1998, a shekarar Christine ta yi ritaya ta koma ƙauye a Ingila, ba ta dawo ba sai 2014. A 2018 aka sallami Buckingham, aka ɗauko Mike Campbell da Neil Finn, ya kai ƙara, aka sasanta. Peter Green ya rasu a watan Yulin 2020, Christine kuma ranar 30 ga Nuwamban 2022 tana da shekara 79. Bayan rasuwarta Nicks ta ce ba ta ga yadda za a ci gaba da ƙungiyar babu ita ba.

Gadonsu kuwa kana iya bin sawunsa ta hanyoyi da dama. Akwai waɗanda suka sake rera waƙoƙinsu daga salo mabambanta: Smashing Pumpkins da Dixie Chicks duk sun yi "Landslide", ɗaya 'yan rock ɗaya 'yan kiɗan karkarar Amurka, Judas Priest masu kiɗan ƙarfe sun ɗauki wata waƙar Green, Destiny's Child sun gina "Bootylicious" a 2001 a kan jitar wata waƙar Nicks ta ƙashin kanta. Akwai ƙungiyoyi irin su Haim da ba sa ɓoye inda suka sha nono. Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci a wajena: a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da mace a ƙungiyar rock yawanci ado ce ko 'yar amshi, ga ɗaya daga cikin ƙungiyoyi mafi kasuwa a duniya da mata biyu ke rubuta mafi yawan waƙoƙin da ke kawo kuɗin. Nicks ta zama mace ta farko da aka shigar zauren girmamawar nan sau biyu, na biyun a 2019. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ma ya sa Rumours cikin sautukan da ƙasar ke adanawa.

Abin da ya kawo maka "Dreams" kuwa ya faru ne a watan Satumban 2020, lokacin da wani ma'aikaci a jihar Idaho, motarsa ta lalace a hanyar zuwa aiki, ya hau allon taya yana shan lemon kwalba yana bin waƙar da baki, ya ɗora a TikTok. Cikin makonni waƙar ta koma jadawalin Billboard, Rumours ya koma cikin faifai goma na sama, Mick Fleetwood da kansa ya buɗe shafi ya kwaikwayi bidiyon. 'Yan kasuwa sun ga haka sun yi lissafinsu. A ƙarshen 2020 Nicks ta sayar da kaso mafi tsoka na haƙƙin waƙoƙinta ga kamfanin Primary Wave, a 2021 Buckingham da Christine suka sayar da nasu ga Hipgnosis. Masu zuba irin wannan kuɗi ba tsegumi suke saya ba, suna sayen waƙar da suka tabbata za a ci gaba da kunnawa a talla da fim da gidan biki.

In za ka shiga, ka fara da Rumours daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, minti 40 ne bai cika ba, kuma a saurare na biyu ka manta da masu rerawa ka bi bes da ganga kawai. Daga nan ka koma faifan 1975, sannan Tango in the Night. Tusk ka bar shi sai kunnenka ya saba da su, in ba haka ba zai kore ka. Kada ka tsallake zamanin Peter Green, musamman Then Play On na 1969 da waƙar "Man of the World", ko da za ka ji kamar wata ƙungiya ce daban, domin kusan hakan ne. Time na 1995, wanda aka yi lokacin da Nicks da Buckingham duk ba sa cikin ƙungiyar, ba sai ka wahalar da kanka ba.